Jirgi Ya Tsaya a Iskandariyya: Yadda Za Ka Tsara Yininka

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Yau teku za mu shiga. Akwai manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, masu ɗaukar fasinja 3,000, wasu har fiye da 5,000, ga ɗakunan kwana ga wuraren cin abinci duk a ciki. Da dare jirgi na tafiya kana barci, gari na wayewa ka leƙa taga ka ga birnin wata ƙasa. A sauke ku ku yi yawo, kafin dare a kwashe ku a yi gaba. A da harkar Turawa ce zalla, amma yanzu 'yan uwanmu mazauna Turai da ƙasashen Larabawa da wasu 'yan kasuwarmu sun fara shiga, musamman tun 2021 da irin waɗannan jirage suka fara tashi daga Jidda.

To idan jirgi ya tsaya a gari na yini guda kacal, ya mutum zai yi ya ga abin gani, ya kuma koma bai makara ba? Zan ɗauki Iskandariyya ta ƙasar Masar in yi misali da ita, domin a duk tashoshin Bahar Rum da wuya a sami inda wannan lissafi ya fi tsauri.

Ɗan uwa, 'yar uwa, ku fara sa wannan a ranku: jirgin nan ba ya jiran kowa. Mu mun saba da motar tasha, ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya, kai kuma ka tafi sayen ruwa da tsire hankali kwance, ka san ba za a tashi a bar ka ba. Can ba haka abin yake ba. Wurin da jirgi ya tsaya kuɗi ake biya, jagoran tashar da zai fitar da shi daga mashigin ruwa an ba shi lokaci, gobe da safe kuma ana jiransa a wata ƙasa. Kyaftin ba zai riƙe dubban mutane ba don mutum biyu sun tsaya ciniki a kasuwa.

Kowace yamma ana ajiye takardar shirin gobe a ɗakinka, ko a sa ta a manhajar jirgin a waya. Lokaci biyu za ka gani a jiki, na tashin jirgi da na rufe ƙofa. Na biyun shi ne naka. Yawanci rabin awa ne kafin tashi, wani lokaci awa guda. Daga nan ake fara lissafi, a yo baya.

Mu ɗauka jirgi ya iso ƙarfe 7 na safe, zai tashi ƙarfe 7 na yamma. A takarda awa 12 ke nan. Amma ba a sauke kowa sai jami'an shige da fice sun gama aikinsu, wannan kan ci awa guda. Ƙarfe 6:30 kuma an rufe ƙofa. Kai da ka san halin hanya, so kake ƙarfe 5 ta yi maka a bakin tashar, saboda cunkoson motoci da layin binciken jaka. Ka ga awa 12 ta koma 9. A cikin 9 ɗin nan ne za ka ci abinci, ka yi azahar da la'asar, ka shiga mota ka fita, ka bi layin tikiti.

Sai maganar agogo, wadda ke kayar da mutane masu wayo. Jirgi yana da nasa lokacin, kuma ba kullum yake daidai da na garin da ya tsaya ba. Yawanci Masar tana gaban Italiya da awa guda. Tana gaban Najeriya da Nijar da awa guda a lokacin sanyi, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba awa biyu ne, saboda tun 2023 sun koma tura agogo gaba a watannin zafi. Wayarka kuwa da zarar ta kama sabis ɗin gari sai ta sauya lokacinta ba ta yi shawara da kai ba. Ka ɗaura agogon hannu na gargajiya, ka saita shi da agogon da ke bakin ƙofar fita daga jirgi, shi kaɗai za ka riƙa dubawa.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu ga babbar magana. Duk wanda ya ji jirgi zai tsaya a Masar, dalar Giza ce ke faɗo masa a rai. Ba laifinsa ba ne. Babbar dalar Fir'auna Khufu ta yi shekara kusan 4,500 a tsaye, tsayinta na asali mita 146, ga Abul Haul a gefenta, gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum. A watan Nuwamba na 2025 kuma aka buɗe katafaren sabon gidan tarihi a kusa da su, inda aka tara kayan Fir'auna Tutankamun sama da 5,000. Sai dai dalar ba a Iskandariyya take ba. Tsakanin Iskandariyya da Alkahira kusan kilomita 220 ne ta hanyar hamada, tafiyar awa 3 idan an haɗa da fita daga gari da shiga gari. Zuwa da dawowa awa 6. Cire 6 daga 9, me ya rage? Awa 3, kuma a ciki har da abincin rana, har da tsayawar da ake yi a shagon turare ko na takardar fafirus, wadda ba kai ka roƙa ba.

Idan ka ce lallai sai ka je, to ka sayi tikitin bas ɗin da kamfanin jirgin ya shirya. Ya fi na waje tsada sosai, na sani, kuma za a riƙa kaɗa ku cikin ayari. Amma abin da kake saye da wannan ƙarin kuɗin shi ne alkawari: masu bas ɗin jirgi su ake fara saukewa, idan kuma bas ɗinsu ya makara a hanya, jirgi zai jira su, ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai su tasha ta gaba. Wanda ya yi shatar tasi da kansa, taya ta fashe a tsakiyar hamada, ba shi da wannan gata. Akwai kuma jiragen da ke kwana a Iskandariyya, ko su tsaya a Fot Sa'id yau, Iskandariyya gobe. Wannan kam lamarin da sauƙi, mutum ma yana iya kwana a Alkahira ya tarar da jirgi washegari. Tun wajen sayen tikitin tafiyar ake duba wannan.

Ra'ayina dai, mai sauraro, in yini ɗaya ne, ka zauna a Iskandariyya. Baturen da ya taso daga Kanada ko Ostareliya, watakila wannan ne zuwansa Masar na farko kuma na ƙarshe, dole ya cusa komai a yini guda. Mu kuwa Alkahira ba baƙon gari ba ne a wurinmu. Jirgin sama na tashi daga Kano da Abuja da Legas kai tsaye, ɗalibanmu suna Azhar, masu neman magani suna zuwa, masu Umara suna yada zango. Dala za ta samu wata rana, a tsanake. Iskandariyya ce mutanenmu ba su cika takawa ba, ga shi an kawo ka har bakin ƙofarta, domin tashar jiragen a cikin gari take.

Garin tsoho ne. Iskandar na Makidoniya ya kafa shi shekara 331 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a miƙe yake a bakin teku, dogo siriri. Wannan siffar tasa ita ke tsara maka yini. Ƙa'idar ita ce ka fara da abin da ba ka so ya wuce ka, ka je nesa da safe, yamma ta same ka kusa da jirgi. Saboda haka ne nake cewa ka haƙura da fadar Muntaza da lambunanta. Wuri ne mai kyau, amma yana can ƙarshen gabas, kusan kilomita 20, kuma titin bakin teku da ake kira Kurnish yakan cushe da yamma, balle a watannin zafi da Misirawa ke kwararowa hutu daga Alkahira.

Da safe ka nufi unguwar Karmuz. A nan Kom el-Shuƙafa yake, kaburburan ƙarƙashin ƙasa na ƙarni na 2, hawa uku da aka sassaƙa cikin dutse. A 1900 aka gano su, labarin da ake bayarwa shi ne wani jaki ne ƙasa ta rufta da shi. Abin mamaki a wurin shi ne yadda zanen Misirawan dauri da na Girkawa da na Rumawa suka cakuɗe, har za ka ga gunkin Misirawa mai kan dila sanye da kayan sojan Rum. Matakala ce mai zagaye ake bi a sauka, don haka dattijo mai ciwon gwiwa ko mai jin ƙuncin numfashi a rufaffen wuri ya zauna a sama. Kusa da nan akwai Amudus Sawari, ginshiƙi guda na jan dutsen Aswan mai tsayin kusan mita 27, wanda aka kafa wajen shekara ta 300 don girmama sarkin Rum na lokacin. Rabin awa ta ishe shi.

Daga nan sai ɗakin karatu na Iskandariyya, a bakin teku. Na zamanin da, wanda ya shahara a duniya, ya ɓace tun tuni. Wannan sabo ne, an buɗe shi a 2002, ginin faifai ne da ya karkata yana fuskantar teku, an zana haruffan rubuce-rubucen duniya a jikin bangonsa na dutse, kuma an yi shi ne don ya ɗauki littattafai miliyan 8. Mai son tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci ya shiga sashensu, ba zai yi nadama ba. Abu biyu za ka kiyaye: ba ya buɗewa da sassafe, kuma ana karɓar jaka a ajiye a waje, karɓo ta ma layi ne. In kuma ranar Juma'a jirgi ya tsaya, ka bincika tukuna kafin ka ɓata kuɗin mota, domin sau da yawa a rufe yake.

(Gajeren kiɗa)

Wurin da nake so mu daɗe shi ne Anfushi, wato hancin ƙasar da ya shiga teku tsakanin tashar gabas da ta yamma. Ka shirya yadda azahar za ta same ka a can. A nan masallacin Abul Abbas al-Mursi yake, mafi shahara a garin. Shi wannan bawan Allah a Mursiya ta Andalus aka haife shi a 1219, almajirin Shehu Abul Hasan Shazili ne, ya kuma rayu ya karantar a Iskandariyya har ya rasu. Cikin almajiransa akwai Ibn Aɗa'illah mai littafin Hikam, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu. Ginin da ke tsaye yanzu na ƙarni na 20 ne, a shekarun 1940 aka kammala shi. Taku kaɗan daga nan kuma sai masallacin Imam Busiri da kabarinsa, mai Burda da Hamziyya. Wanda ya tashi yana jin ana rera Burda a makarantar allo ko a daren Mauludi a Kano, Zariya ko Damagaram, to ga inda mai ita yake kwance. Yawancin bas ɗin masu yawon buɗe ido tsayawa kawai suke a ɗauki hoton hasumiyar Abul Abbas daga waje a wuce, Busiri kuwa ko ambatonsa ba lallai a yi ba, tunda ba don mu aka tsara jerin wuraren ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka tsara yininka da kanka. Mata suna da ƙofarsu daban. Mai ajiye takalma kuma yana sa ran ɗan ihsani, abin da suke kira bakshish, sai ka tanadi canji.

Ka idar da salla, abinci na nan kusa. Anfushi unguwar masunta ce. A gidajen kifi kai ne za ka nuna wanda kake so a kan ƙanƙara, a auna, a gasa ko a soya. Ka tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora a wuta, domin bayan an gasa babu sauran ciniki. Mai sauri kuma ya nemi burodi da soyayyar hanta mai yaji, wadda garin ya yi suna da ita. Ruwan gora za ka sha.

Sai ka ƙarasa ƙarshen hancin, inda ganuwar Ƙaitbai take. Sarkin Mamluka Ƙaitbai ne ya fara gina ta a 1477, daidai inda tsohuwar hasumiyar haska wa jirage hanya ta tsaya, wadda tsayinta ya haura mita 100, ake kuma lissafa ta cikin abubuwan mamaki bakwai na tsohuwar duniya. Girgizar ƙasa ce ta cinye hasumiyar a hankali. Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan da daga baya ya zo har Takedda a ƙasar Nijar ta yau, ya gan ta a 1326 gefe guda ya rushe, da ya dawo a 1349 ko shiga ba ta yiwuwa. Ka hau saman ganuwar ka dubi garin gaba ɗaya. Yawancin wuraren tarihi tun ƙarfe 4 ko 5 suke rufewa, to wannan ya zama na ƙarshe. Daga nan zuwa tashar tafiya ce gajera. In da sauran lokaci, ka bi ta dandalin Manshiya, inda Jamal Abdul Nasir ya tsaya ranar 26 ga Yuli, 1956 ya shelanta cewa mashigin ruwan Suwez ya koma hannun Masar.

Maganar mota a taƙaice. Tasin garin baƙi da rawaya ne, kuma ba a cika aiki da mita ba. Ku gama ciniki kafin ka shiga. Ka tabbatar kuɗin na mota ne gaba ɗaya ba na kowane kai ba, kuma fam na Masar ake nufi, ba na Ingila ba, ba dalar Amurka ba. In shatar yini ka yi, biya sai an dawo da kai. Mai intanet a waya yana iya kiran Uber ya huta da ciniki. Tashar tana da ƙofofi da yawa masu lamba, saboda haka da za ka fita ka duba lambar taka, ka sa wani ya rubuta maka da Larabci. Kada ka ɗaga waya kana hoto a wurin, ɗaukar hoton tashar jiragen ruwa da jami'an tsaro laifi ne a Masar. Wuraren tarihi da yawa kuma yanzu katin banki kawai suke karɓa a wurin sayen tikiti, sai ka riƙe kati mai aiki a waje, da 'yan kuɗin hannu na tasi da shayi.

Idan kana so ka ɗauki ɗan jagora na waje tun kafin ka zo, ka nemi wanda ba sai ka biya duka a gaba ba. Dalili kuwa, jirgi yakan fasa tsayawa a tasha. A lokacin sanyi Iskandariyya tana da guguwar ruwa da iska da mutanen garin ke kira nawwa, in ta taso har tashar akan rufe. Kuɗin bas ɗin jirgi ana mayarwa in an fasa. Na waje kuwa sai yadda kuka yi da mai shi.

(Gajeren kiɗa)

Saura takardu, kuma a nan ne namu ya bambanta da na maƙwabcinka na ɗaki. Shi mai fasfon Turai sau da yawa a cikin jirgi ake buga masa hatimi ya sauka. Mai koren fasfo kada ya ɗauka haka za a yi masa. Kafin ka biya kuɗin tafiyar, ka tambayi ofishin jakadancin Masar da kamfanin jirgin, a rubuce, wace biza ake bukata ga fasfonka. In jirgin daga Italiya ko Girka zai tashi ya kuma koma can, bizar Shengen ɗinka ta zama mai shiga sau da yawa, domin zuwa Masar fita ne daga yankinsu, dawowa kuma sabuwar shiga ce. Wanda takardunsa ba su cika ba, tun a tashar farko ake hana shi hawa, kuɗinsa kuma ba lallai su dawo ba. Katin rigakafin shawara ma ka riƙe shi, Masar tana tambayar waɗanda suka fito daga ƙasashenmu. Mai shan magani kullum ya sa na kwana biyu a jakar da zai sauka da ita, tare da takardar likita. Masar tana da tsanani ƙwarai a kan tiramadol da makamantansa, an ɗaure baƙi a kansa.

To in duk da haka ƙaddara ta faɗa, ka iso ka hangi jirgi ya ja baya fa? Kowane jirgi yana da wakili a tashar da ya tsaya, sunansa da lambar wayarsa suna jikin takardar shirin ranar. Shi za ka kira, kuma tun kana cikin cunkoso, da zarar ka ga za ka makara, kada ka bari sai ka iso. In fasfonka yana hannun ma'aikatan jirgi, galibi wurinsa suke bari. Amma otal da tikitin jirgin sama zuwa tasha ta gaba daga aljihunka za su fito, kuma idan tashar gaban a ƙasar da ba ka da bizarta take, tafiyarka ta ƙare a nan, kayanka suna cikin teku.

Saboda haka Alhaji, Hajiya, daren da za a wayi gari a tasha, kafin ku kwanta, ku kwafi lambar wakilin nan da lokacin rufe ƙofa a 'yar takarda da biro, ku sa a aljihu tare da katin shiga jirgi, domin cajin waya yana ƙarewa. In ku da yawa ne, kowa ya riƙe tasa, har yara.

A nan za mu dakata. 

(Kiɗan rufe shiri)